Ni da Kayana da Ruwan Shuka

Ɗakin gadin da na zauna a Legas taku huɗu ne a tsawo, uku a faɗi. Ranar da na shige shi, daga ni sai tabarma da buta da jakar leda mai riguna biyu, har nake ganin ya yi mini girma. Bayan shekara uku, in zan yi salla sai na fito waje, in zan kwanta sai na naɗe ƙafafu, don kaya sun cinye ɗakin tun daga ƙasa har rufi. Ban saci ko ɗaya ba, kuma kaɗan ne na saya. Yawanci roƙa na yi, sauran na tsinta.

Gidan wani mai kuɗi ne, a irin unguwar nan da ake tare bakin titi da ƙofar ƙarfe. Matar gidan, wadda kowa ke ce wa Madam, ba ta iya zama da abu shekara biyu. Kujera ta ɗan koɗe, a fitar da ita. Fanka ta fara ƙara, a fitar da ita. Ni kuwa ina bakin ƙofa, duk abin da zai fita sai ya bi ta gabana. Ranar da na ga an jawo katifa lafiyayya za a yar don kawai an zubar mata da shayi, sai da idona ya kawo ruwa, don na tuna Inna tana kwana kan gadon kara a Matameye, ga ciwon baya. Na ce, “Madam, a ba ni.” Ta kaɗa hannu, ko kallona ba ta yi ba. Daga ranar nan ciwon tara kaya ya kama ni.

Da na tsaya a tarawa kawai, da abin ya zo da sauƙi. Amma ni duk abin da ya shigo hannuna sai in ɗauki waya in kira gida in yi albishir. Inna, na samo miki katifa. Rabi matata na ce mata ga firigo, wato firji, nan tafe, za ta riƙa sayar da zoɓo mai sanyi, alhali gidanmu ko kuran, wutar lantarki, ba a ja ba. Baffa Mamman, ƙanin mahaifina, na yi masa alkawarin kujera mai hannu. Ƙanwata Zuwaira fanka mai tsayuwa. Ga tele ta kallo, ga buhun takalma na yaran dangi. Har ɗan gwangwanin fenti na saya, na bi kayan ɗaya bayan ɗaya ina rubuta sunan mai shi a jiki. A garinmu in ɗan cin rani ya dawo, kafin a dubi fuskarsa an dubi saman motar da ta kawo shi. Ni kuwa na ƙudura a raina cewa ranar da zan sauka tashar Matameye sai labarin ya kai Dungu da Dawce.

Damina ta farko ban koma gida ba, na ce kayan ba su kai a yi tafiya da su ba tukuna. Damina ta biyu ma ban koma ba, wannan karon don sun yi yawa. Kuɗin motar da za ta kwashe su ya fi ƙarfina, in kuma na tafi na bar su, wanda zai gaje ni a gadin zai watsar ko ya sayar. Sai na zauna. Albashin da ya kamata in aika gida a sayi hatsi, shi nake gutsura in sayi kwaɗo, in sayi tamfol saboda yoyon rufi, in kira mai gyara ya duba firigon da bai taɓa yin sanyin kirki ba. Ko sau ɗaya ban natsu ba. In an aike ni kasuwa, hankalina na kan ɗakin. In ruwa ya sauko in tuna katifa, in ya ɗauke in tuna gona.

Akwai wani dattijo mutumin Kurni, can wajenmu, Malam Ila, mai yawon gyaran takalma, da kan zauna kan bencina da la'asar ya huta. Tun ban yi wayo ba yake zuwa cin rani Legas, amma duk abin da ya mallaka a can bai wuce akwatin aikinsa na katako da riga biyu da bargo da buta ba. Sau ɗaya yake cin abinci mai nauyi a yini. Ni a lokacin marowaci na ɗauke shi, ko wanda zuciyarsa ta mutu. Wata rana ya leƙa ɗakina, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce:

“Laminu, kai wa kake wa gadi a nan? Mai gidan ko wannan tarkacen?”

Na ce, “Haba Malam, tsaraba ce fa.”

“Tsarabar da ta hana ka zuwa gida shekara biyu? To Allah ya kyauta. Ni dai ban taɓa riƙe abin da ba zan iya saɓawa a kafaɗa in shiga mota da shi ba. Ranar da aka ce mini hadari ya fara haɗuwa a Kurni, kafin magariba na bar garin nan.”

Na ce, “Kai kuma me kake kai wa iyali?”

Ya ce, “Kaina nake kai musu, da ɗan abin da na ƙulle a ƙugu. Ba su taɓa cewa ya yi kaɗan ba.”

Na yi dariya na bar zancen, amma ya ɓata mini rai, don na san rumbunsa bai taɓa kwana babu hatsi ba.

Ana cikin haka, a ƙarshen bazarar shekara ta uku, Baffa Mamman ya kira ni. Ba ya yawan kira, in ya kira kuwa ba ya dogon gaisuwa. Ya ce, “Laminu, gonar ubanka ta hanyar Dungu damina biyu tana kwance. Sabara da tumfafiya sun kama ta, mutane sun fara zuwa suna tambayata. Ƙaninka yana Aljeriya, babu labarin dawowarsa. Bana ranar da ruwan shuka ya sauka, in ba ka cikin garin nan, zan ba Ɗan Tani aro. Na gaya maka da bakina don kada ka ce ba ka ji ba.” Ya kashe waya.

Na san abin da aron gona yake zama a wajenmu. Mutum ya karɓa da sunan damina ɗaya, ya zuba taki, ya ce a bari ya ci takinsa, shekara ta bi shekara, kafin ka farga sai an je gaban mai gari ana neman shaidu. Na ga gonakin da suka tafi haka ba su dawo ba. Ɗan Tani maƙwabcinmu ne, ba mugun mutum ba ne, amma yana da ƴaƴa maza uku da ƴar gonar da ba ta isar su. Gonar nan kuwa ita kaɗai mahaifina ya bar mana. Washegari na ajiye aiki. Madam ta ce dama tana da wanda za ta sa.

Hanya mafi araha ga mai kaya ita ce tirelolin da ke kawo shanu daga arewa su koma babu komai. Na yi hayar ƴar kurkura sawu uku ta kai ni inda suke tsayawa. Wani ɗan kamasho mai jar hula ya tare ni, ya zagaya kayana yana buga su da hannu, ya rantse mini cewa ga tirela nan za ta tashi yanzu, Kano kai tsaye, kwana biyu. Na biya na kaina, na biya na kaya, wanda ya ninka na kaina, na biya masu lodi. Malam Ila ma ranar ya tashi, ya hau da akwatinsa a hannu ɗaya ya nemi kusurwa ya zauna. Cikin tirelar kashin shanu ne har idon sawu. Yanzun nan da ɗan kamasho ya ce, sai da muka yi azahar da la'asar a wurin.

Kafin mu kai Badun ruwa ya kama mu. Sauran mutane kowa ya shige ƙarƙashin ledarsa ya yi shiru. Ni kuwa ina ta tsalle daga wannan kaya zuwa wancan ina jan tamfol, in rufe tele katifa ta buɗe, in rufe katifa iska ta yaye buhun takalma. Tamfol ɗaya ne, kayan kuwa na tamfol uku ne. Har ruwan ya ɗauke ban zauna ba, kuma katifar ta sha ruwa duk da haka. Da gari ya waye a Ilori na ga masara ta kai gwiwa a gonakin bakin hanya. Na san cewa damina arewa take tafiya, ni ma arewa nake tafiya, abin da ban sani ba shi ne wa zai riga wani.

A Mokwa, inda hanya ta rabu biyu, direba ya tsaya ya buga jikin motar ya ce masu zuwa Kano su sauka. Na diro na same shi na ce ai Kano aka ce mini. Ya ce, “Ni Kwantagora na nufa, Malam. Wanda ya ce maka Kano, shi za ka koma ka tambaya.” Na yi magiya, na yi faɗa, na ambaci Allah da Annabi, ko a jikinsa. Yaran motarsa suka sauke mini kaya a gefen kwalta suka yi gaba. Waɗanda muka sauka tare kuwa, kafin in gama jera kayana duk sun tare motoci sun watse. Malam Ila kaɗai ya tsaya tare da ni har azahar. Mota uku ta tsaya mana, duk direban da ya dubi tulin da ke bayana sai ya girgiza kai.

Malam Ila ya ce, “Laminu, zaɓi abu ɗaya mu tafi.”

Na ce, “Malam, wanne zan bari? Kowanne da sunan mai shi. Na riga na faɗa musu.”

Ya ce, “To ni gonata ma da sunan mai ita.” Ya kwance ƙullinsa ya raba garin kwaki da ƙuli-ƙulinsa biyu ya ba ni rabi, ya yi mini addu'a, ya hau bayan wata motar gawayi. Ina kallonsa har ya ɓace, ina jin haushinsa, ina kuma jin kishinsa.

Kwana biyu na yi a bakin hanyar nan. Ko bayan gida ba na iya zuwa da natsuwa, salla kuwa ina yi ina satar kallon kaya. Wata Banufiya mai sayar da shinkafa a rumfar da ke kusa ce ta ji tausayina. Hausarta kaɗan ce. Ta nuna kayan, ta nuna idonta, ta ce, “Je ka wanka, ni duba.” Da na dawo na tarar ta ajiye mini kwanon shinkafa da ɗan kifi a kan firigo. Na miƙa mata kuɗi ta ture hannuna. Ban san sunanta ba har yau, kuma ban manta ta a addu'a ba.

A rana ta uku wata motar doya mai zuwa Zariya ta yarda ta ɗauke ni, amma direban ya ce rabin kayan kawai zai iya ɗorawa. Na tsaya ina kallon su kamar wanda aka ce ya zaɓa cikin ƴaƴansa. Na bar tele, na bar wasu ƙananan tarkace, kujerar Baffa kuma na ja ta na kai rumfar matar nan. Da motar ta tashi na waiga, na gan ta ta zauna a kai tana zuba wa wani miya, ga “Baffa Mamman” da jan fenti a bayan kujerar. Na rasa ko in yi dariya ko in yi kuka.

Motar doyar nan tsohuwa ce, tafiyar yini ɗaya ta mai da ita kwana biyu. Ta tsaya a sha ruwa, ta tsaya a ɗaure wani ƙarfe, ta tsaya don direba yana da mata a wani ƙauye. Ni kuwa ina saman doya ba abin da nake kallo sai gonaki. Wajen Kaduna dawa ta fito ta yi kore shar. Kusa da Zariya shuka ta tsiro ke nan. Duk inda waya ta kama sai in kira Rabi, tambayata ɗaya ce.

“Yaya sama?”

“Zafi dai, Malam. Jiya an yi iska mai ƙarfi, amma ko ɗigo.”

“Baffa fa?”

“Na ga Ɗan Tani ya kai sungumansa wajen maƙeri.”

A Zariya masu sauke kaya suka saki fankar Zuwaira ta faɗi, wuyanta ya karye. Ina can ina cacar baki da su, wani ya saɓi buhun takalma ya shige cikin mutane. Na zagaya tasha ina nema har ƙafata ta gaji. Amma zan faɗi gaskiya, ko da kunya. Da na dawo na tarar saura firigo da katifa kawai, wani sauƙi na ji ya sauko mini tun daga wuya har ƙirji. Abu biyu ido ɗaya ma ya isa ya tsare su. Na ci abinci a zaune ranar, karo na farko tun Legas.

Na isa Kano da yamma, na sa aka tura mini kayan a baro zuwa tashar da ake shiga motocin Daura da na wajenmu. Motocin ƙanana ne, katifa za ta hau sama, amma firigo babu direban da ya yarda ya ɗauka. Aka ce in jira kamiyon, babbar motar ƴan kasuwa da ke tashi jibi. Wani mai shayi a bakin tashar ya ji maganata ya gane ni, ashe mutumin Kance ne, kusa da garinmu. Ya ba ni benci, ya haɗa mini shayi, ya ce, “Ɗan'uwa, shekaranjiya an yi ruwa a Kazaure, direbobi sun ce jiya an yi a Daura. In gona kake bi, ban ga ta jira ba.” Ko shayin ban shanye ba Malam Ila ya kira. Ya ce ya kwana uku a gida, ya gama sharar gona, ya kuma bi ta Matameye ya gaya wa Baffa ina hanya. Ya ce, “Gabas ta yi baƙi, Laminu. Kana ina?”

A lokacin akwai motar da ta rage mutum biyu ta cika. Da na shige ta da na kwana a gida. Na tashi, na zauna, na sake tashi. Na kira Rabi na ce, “In bar firigon nan?” Ta ce, “Kai ka sani, Malam. Ni dai ka ga ko kuran ba mu da shi.” Maimakon in ji abin da take gaya mini, sai raina ya ɓaci. Shekara uku ina kwana a takure saboda abin nan, na biya masa mai gyara, na biya masa mota tun daga bakin teku, sai yanzu da ya rage tafiyar rabin yini a ce in bar shi? Na ce a raina ruwan da bai zo ba duk kwanakin nan ba zai zo cikin kwana biyu ba. Motar ta cika ta tashi ina kallo.

Na idar da sallar asuba ke nan waya ta yi ƙara. Rabi ce. Ba ta yi sallama ba, ta ce, “Saurara.” Sai na ji ƙarar indararon ɗakin Inna yana zuba a ƙasa, ƙarar da zan gane ko a cikin dubu. Ta ce, “Tun kafin kiran salla ake yi. Mai yawa ne.” Na kashe wayar.

Na ja firigon na jingina shi da rumfar mai shayi. Ya ce, “Ajiya ko kyauta?” Na ce duk wanda ya ga dama. Na ɗaura katifa a saman motar farko na shiga, sai ga shi ni ne fasinja na biyu. Ban taɓa sanin mota na daɗewa haka kafin ta cika ba. Na fita na shiga ya fi sau goma, har na koma ina taya ɗan kamasho kiran fasinja. Ba mu tashi ba sai da rana ta ɗaga. Daga Daura zuwa gaba, ko'ina mutane ne a gonaki, namiji a gaba yana sara, mata da yara a baya suna zuba iri suna takewa. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na shigowa ta taga, ni kuwa ji nake kamar in fita in tura motar.

A bakin iyakar ƙasarmu aka ce duk motar da ke da kaya a sama ta shiga layi a sauke a duba, masu jaka a hannu kuwa su wuce da ƙafa. Layin ya yi tsawo, rana ta take tsaka. Na dubi katifar. Ita ce abin da na fara samu, ita ce kuma kaɗai wadda mai ita take da bukatarta da gaske. Na sa hannu na taɓa inda na rubuta sunan Inna, sannan na ɗauki jakar ledata na wuce. Direban yana kirana, ban waiga ba. A ɗaya gefen na tare ɗan kabu-kabu mai babur na ce kada ya shiga gari, ya bi da ni hanyar Dungu.

Tun daga nesa na hango su. Ɗan Tani da ƴaƴansa uku, sunguma huɗu suna tashi suna sauka, matan gidan na biye. Sun sare sabarar sun tara gefe, sun faro daga gabas, sun riga sun wuce tsakiyar gonar sosai. Baffa Mamman na zaune ƙarƙashin aduwar da ke bakin gona da carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni, ya dubi jakar ledar, bai tambaye ni komai a kanta ba.

Ya ce, “Na jira ka har hantsi. Mutumin Kurni ya ce kana hanya, shi ya sa ma na kai haka. Ka san ƙasar nan rairayi ce, ba ta riƙe laima. Ba zan bar gonar ɗan'uwana ta kwana damina uku ba.”

Na ce, “Baffa, ga ni na zo.”

Ya ce, “Na gani. Amma magana ta riga ta fita daga bakina. Je ka same shi.”

Ɗan Tani ya dogara da sunguminsa yana haki. Muka gaisa, ya yi mini barka da hanya. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ja layi da ƙafarsa daidai inda saransa ya tsaya. Ya ce, “Laminu, abin da na binne na binne, irina ne a ciki. Daga nan zuwa yamma ban taɓa ba. In za ka iya, naka ne.” Ya karɓi sungumin ƙaramin ɗansa ya miƙo mini. Abin da ya rage bai fi kashi ɗaya cikin uku ba.

Ina tsaye da sungumi, babu iri, sai ga Inna tafe a hankali da ƙwarya a kai, hannu ɗaya a ƙugu, Rabi na biye, goye da yaron da na tafi na bari a ciki. Wani ya kai musu labari an gan ni a kan moto. Ni ɗan fari ne, Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma nuna murna a gaban mutane. Ta sauke ƙwaryar, gero ne na iri da ta ɓoye tun shekarar da na tafi, tana sabunta shi wajen maƙwabta kowace kaka. Na buɗe baki zan fara ba ta labarin katifa, ta ce, “A yi ta sara dai, ƙasa na shan iska.”

Na yi ta sara. Shekara uku ina zaune kan benci ina buɗe ƙofa, hannuna ya yi laushi, kafin in kai ƙarshen layi na biyar tafina ya yi ƙulu ya fashe. Ban tsaya ba. Rabi na zuba iri a layi ɗaya, Inna na ɗaya, ina jin sawun tsohuwar a bayana tana takewa da diddige tana nishi. Na yi kuka a gonar nan, ban ɓoye ba. Muka gama ana kiran magariba.

Zuwaira ta yi wata guda tana tsokanata da fankarta, yaran dangi suka zo suka zagaya ɗakina suka koma. Surutun gari bai wuce mako biyu ba, abin da na ba shekara uku ina tsoro ke nan. Har yanzu ina zuwa cin rani, amma da jaka ɗaya nake tafiya, da ita nake dawowa. Ba na karɓar kyautar abin da sai na nemo masa wurin ajiya, ba na kuma yi wa kowa albishir a waya. Abin da na samu hatsi ake saya da shi tun da kaka, lokacin yana araha. Katifar Inna a nan kasuwar Matameye na saya mata, ƴar ƙarama, na kawo ta gida a ka.

Gonar dai ba ta dawo ba. Shekarar farko Ɗan Tani ya ce in bari ya ci takin da ya zuba. Ta biyu ya ce babban ɗansa ya yi aure, baki ya ƙaru. Baffa Mamman, wanda shi ne shaidar aron, ya rasu da azumin bara. Kowace safiya ta damina nakan tsaya a gefena in gaishe da Ɗan Tani a gefensa, mu tambayi juna iyali. Bana da na dawo na je sharar gona, na tarar ya bi layin nan da ya ja da ƙafa ya dasa gamba daga wannan baki zuwa wancan, irin wadda ake dasawa a kan iyaka. Ta kama, har ta fara toho.